Gidanka ne, amma gwamnati na da kaso a ciki: shekara goma na shirin Help to Buy a Ingila

Akwai wata sanarwa da dubban magidanta a Ingila suke samu idan sun kusa cika shekara biyar a gidan da suka saya. Ba daga banki take fitowa ba, daga ɓangaren hukumar gidaje ta gwamnati ce, kuma saƙonta gajere ne: lokacin rangwame ya ƙare, daga shekara ta shida za a fara biyan kuɗin ruwa a kan kason da gwamnati ta zuba. A ranar ne mutane da yawa suke tunawa cewa gidan da suka yi wa fenti da hannunsu, suka gyara famfonsa, suka yi suna a falonsa, ba su kaɗai ke da haƙƙi a kuɗinsa ba. Takardar mallaka sunansu ne a kai, wannan babu tantama. Amma kashi 20 cikin 100 na ƙimar gidan, ko har kashi 40 idan a Landan ne, na baitulmali ne har ranar da aka fanshe shi.

Sunan shirin Help to Buy, wato taimakon sayen gida. George Osborne, ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, shi ya bayyana shi a kasafin kuɗin watan Maris na 2013, aka fara aiki da shi a Afrilun shekarar, aka rufe shi a 2023. Cikin shekara goman nan an sayi gidaje fiye da 387,000 ta hanyarsa, gwamnati ta zuba kusan fam biliyan 25. Na zaɓi in yi magana a kansa ne saboda ya daɗe har ana iya ganin farkonsa da abin da ya haifar, kuma saboda Ailan da Ostireliya suna tafiyar da masu kama da shi a yanzu, a garuruwan da 'yan'uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi suke zaman haya suna lissafin yadda za su samu nasu muhallin.

A can ba a cika sayen fili a riƙa aza bulo sannu a hankali kamar yadda muka saba ba, bana harsashi, baɗi linta, wata shekarar rufi. Ginannen gida ake saye, da bashin banki da ake biya wata-wata har shekara 25 ko 30. Bankin kuma ba ya ba da kuɗin gidan duka. Sai mai saye ya ajiye kafin alƙalami daga aljihunsa, sannan a duba albashinsa, kuma galibi ba a ba shi fiye da ninki huɗu da rabi na abin da yake samu a shekara. Duk mai neman gida sai ya bi ta waɗannan ƙofofi biyu, kuma kowacce ƙara ƙuntata take yi. A 1997 kuɗin matsakaicin gida a Ingila kusan ninki uku da rabi ne na albashin shekara na matsakaicin ma'aikaci. A 2023 ya haura ninki takwas, a Landan kuwa wajen ninki 12.

Kafin rikicin kuɗi na 2008 bankuna sun saki hannu har sun wuce gona da iri. Wani banki mai suna Northern Rock yana ba da bashin da ya kai kashi 125 cikin 100 na ƙimar gida. Da ya durƙushe gwamnati ta karɓe shi, sai kowane banki ya shiga taitayinsa. Bashin da mutum zai ajiye kashi 5 kawai ya yi wuyar samu, aka koma neman kashi 20 zuwa 25. Matashi mai aikin yi, wanda bai taɓa fashin biyan haya ba, sai a ce ya kawo fam 40,000 a dunƙule, alhali hayar tana cinye abin da zai tara. Wanda iyayensa ke da hali su cika masa, har Turawan suka raɗa wa abin suna bankin uwa da uba. Wanda iyayensa ba su da shi ya ci gaba da biya wa mai gidan haya bashinsa. Su kuma kamfanonin gine-gine, da suka ga babu masu saye, suka janye hannu, har yawan gidajen da ake ginawa a shekara ya faɗi zuwa matakin da ba a gani ba a lokacin zaman lafiya tun shekarun 1920. Don haka buri biyu gwamnati ta ɗora wa shirin: a taimaki mai saye, a kuma tada magina daga barci. Wannan ne dalilin da ya sa sabon gida kaɗai ake iya saye da shi, kuma daga nan yawancin rigimar ta samo asali.

Ga yadda lissafin yake. A ce miji da mata, ita ma'aikaciyar jinya, shi direban bas, sun ga sabon gida na fam 200,000 a gefen Manchesta. Su kawo 10,000. Gwamnati ta zuba 40,000. Banki ya ba su 150,000. Shekara biyar ta farko babu kuɗin ruwa a kan na gwamnati, fam ɗaya kacal suke biya duk wata na hidimar takardu. Ba don shirin ba, da sai sun ci bashin 190,000, wanda ke buƙatar su biyun suna samun wajen 42,000 a shekara. Da shirin, wajen 33,000 ya isa. Ƙari a kan haka, banki yana sassauta kuɗin ruwa idan kashi 75 kawai ya bayar, domin ya san ko gidan ya faɗi ƙasa da wuya asarar ta kai gare shi. Wannan taimako ne na gaske, kuma ba na son duk abin da zan faɗa nan gaba ya shafe shi. Akwai iyalai masu yawa da suka fita daga ɗakin haya mai danshi, inda a lokacin mai gida zai iya ba su wata biyu su tashi, suka shiga inda yaransu za su gama firamare a makaranta ɗaya.

Inda mutane suke ruɗewa shi ne yanayin kuɗin gwamnatin. Ba fam 40,000 take bin su ba, kashi ɗaya cikin biyar na gidan take bi. Ya fi kama da 'yan'uwa biyu da suka haɗa kuɗi suka sayi sa suka turke shi don Babbar Sallah. Wanda ya zuba kashi ɗaya cikin biyar, ranar da aka kai san kara kashi ɗaya cikin biyar zai ɗauka, kasuwa ta yi kyau ko ta yi kwantai. Idan gidan ya tashi zuwa 250,000, na gwamnati ya zama 50,000. Idan ya faɗi zuwa 180,000, nata ya koma 36,000. Wannan rabon asarar shi ne abin da bashin banki ba ya yi, domin banki kuɗinsa yake bi cif, ko gidan ya zama kango. Ana biyan kason ne ranar da aka sayar da gidan, ko aka gama biyan banki, ko bayan shekara 25, duk wanda ya riga zuwa.

Sai dai a misalin san nan, ɗaya ne kawai yake sayen dusa da harawa, shi ne kuma yake kiran likitan dabbobi. Duk wani gyara, inshora, harajin ƙaramar hukuma da kuɗin hidimar unguwa a kan mai gida suke. Idan ya sabunta kicin ƙimar gidan ta ƙaru, gwamnati na da kasonta a ƙarin. Ba zai yi babban sauyi a ginin ba sai da izini, ba zai ba da gidan haya ba sai da izini. Ana iya cewa ai shi ke kwana a ciki ba ya biyan haya a kan kashi ɗaya cikin biyar har shekara biyar, kuma haka ne. Amma ya kamata mai sa hannu ya san irin tarayyar da ya shiga.

Shekara ta shida ita ce inda ya kamata a tsaya a duba da kyau. Kuɗin ruwan yana farawa daga kashi 1.75 cikin 100 na ainihin abin da gwamnati ta zuba. Ga ma'auratan Manchesta, fam 700 ke nan a shekara, wajen 58 a wata. Ga wanda ya sayi gidan 500,000 a Landan bayan an ɗaga kason birnin zuwa kashi 40 a Fabrairun 2016, gwamnati ta zuba masa 200,000, zai fara da 3,500 a shekara, kusan 292 a wata, a kan abin da yake biyan banki. Daga nan kowace shekara adadin yana ƙaruwa gwargwadon hauhawar farashin kaya da ɗan ƙari a kai. Ba tsalle yake yi ba: idan hauhawar ta kai kashi 4, a tsarin da aka bi kafin 2021, 1.75 zai koma wajen 1.84. Amma ba ya taɓa komawa baya, kuma babban abin shi ne ko sisin kwabo daga cikinsa ba ya rage kason gwamnati. Mutum zai iya biya shekara 20 cur, ranar sayarwa a cire kashi 20 ɗin nan cikakke.

To me zai hana ya fanshe? Yana iya yi, amma ba da kaɗan-kaɗan ba. Mafi ƙarancin abin da ake karɓa a lokaci guda shi ne kashi 10 cikin 100 na ƙimar gidan a ranar. Sai ya ɗauko ƙwararren mai ƙiyasta kuɗin gida da aka amince da shi ya biya shi, takardar ƙiyasin kuma wata uku take aiki, ya biya lauya, ya biya kuɗin takardu. Ka dubi matar nan ma'aikaciyar jinya, tana karɓar aikin dare na ƙari, tana ware fam 200 duk wata da niyyar fansar rabin kason. A shekara ta tara 2,400. Idan a shekarar gidan ya tashi da kashi 5, wato 10,000, kason gwamnati ya ƙaru da 2,000. Tana tafiya, abin da take bi shi ma yana tafiya. Tashin farashin gida, wanda kowane mai gida yake murna da shi, a wurinta rabi murna ne rabi fargaba. Shi ya sa mafi yawan masu fansa ba da tari suke yi ba, ko dai su ƙaro bashi daga banki su biya gwamnati, ko su sayar da gidan.

Ƙaro bashin nan kuwa ya yi sauƙi ne a lokacin da kuɗi ke da arha. Mutane da yawa da suka saya a 2017 da 2018 sun ƙulla da banki a kan tsayayyen kuɗin ruwa na shekara biyar. Wa'adin nan biyu, na banki da na gwamnati, sai suka cika tare, a daidai lokacin da babban bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023, bashin gida na kasuwa ya haura kashi 6. Gaba kura baya sayaki: in ka bar kason gwamnati ka fara biyan ruwansa, kuma ba kowane banki ne ke karɓar wanda gwamnati ke da kaso a gidansa ba, in ka fanshe shi ka ɗauko bashi mai tsada ninki uku. Wanda ya tsara shirin a 2013 ba zai iya sanin haka za ta faru ba. Amma wanda aka ba makulli a 2018 yana murna, ina shakkar an zaunar da shi an nuna masa yadda watan zai kasance idan abubuwan biyu suka haɗu.

Yanzu sai babbar tambaya: a hannun wa kuɗin ya ƙare? Ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati na Birtaniya ya fitar da rahoto a Yunin 2019. Daga cikin waɗanda suka amfana, kashi 37 cikin 100 ne kawai suka ce ba don shirin ba da ba za su iya sayen kowane irin gida ba. Kashi 31 kuwa za su iya sayen gidan da suke so ko babu taimakon. Kusan ɗaya cikin biyar ma ba sabbin shiga ba ne, sun riga sun taɓa mallakar gida, domin har 2021 ba a taƙaita shirin ga masu sayen farko ba. Ba a kuma sa iyaka a kan albashi ba, har wajen kashi 4 na basussukan sun tafi ga iyalan da ke samun fiye da fam 100,000 a shekara. Ba na ganin laifin waɗannan mutane. An buɗe ƙofa ba mai gadi, an ce ga kuɗi shekara biyar babu ruwa, wa zai ƙi? Laifin na wanda ya ƙi sa mai gadi ne har shekara takwas.

Su kuwa manyan kamfanonin gine-gine kakarsu ce ta yanke saƙa. Rahoton ya nuna biyar daga cikinsu, Barratt da Bellway da Persimmon da Redrow da Taylor Wimpey, sun sayar da tsakanin kashi 36 da 48 na gidajensu ta hanyar shirin daga 2013 zuwa 2018. A 2018 ribar Persimmon ta haura fam biliyan ɗaya, kuma kusan rabin gidajen da ya sayar a shekarar da kuɗin shirin aka saye su. Shugaban kamfanin, Jeff Fairburn, ya samu ladan fam miliyan 75, bayan an ma rage shi saboda surutun jama'a, kuma surutun bai lafa ba har ya bar kujerar a ƙarshen shekarar. Mai biyan haraji, har da ɗan hayar da bai isa shiga shirin ba, shi ya ɗauki kasadar faɗuwar farashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kare shirin suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce gine-gine sun farfaɗo, leburori da birkiloli da kafintoci sun koma aiki. Sun ce kuɗin ba kyauta aka yi ba, yana dawowa, kuma a kan basussukan da aka riga aka biya gwamnati ta karɓi fiye da abin da ta bayar. Sun kuma nuna cewa shi kansa rahoton na 2019 ya gano bambancin farashi tsakanin wanda ya saya da shirin da wanda ya sayi irin sabon gidan ba da shi ba bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Sai dai wannan awon na ƙarshe yana amsa wata tambaya ce daban. Idan ruwa ya ƙaru a rafi, duk kwale-kwalen da ke kai tare suke tashi. Kwatanta biyu daga cikinsu ba zai gaya maka ko rafin ya cika ba.

Waɗanda suka auna rafin su ne masana tattalin arziki uku, Felipe Carozzi da Christian Hilber da Xiaolun Yu, a wani bincike da aka yi a makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan. Dabararsu ta burge ni saboda sauƙinta. Sun je bakin iyakoki biyu. Ta farko iyakar Landan, inda a wannan gefen titi gwamnati ke zuba kashi 40, a wancan gefen kashi 20. Ta biyu iyakar Ingila da Wales, inda a lokacin a Ingila ake iya sayen gidan da ya kai 600,000 da shirin, a Wales kuma 300,000 ne iyaka. A Landan suka ga ƙarin kuɗin ya ɗaga farashin sabbin gidaje, amma bai ƙara yawan waɗanda ake ginawa ba. A iyakar Wales suka ga akasin haka: gine-gine sun ƙaru, farashi bai motsa ba.

A ganina duk maganar tana cikin wannan sakamakon. A iyakar Wales akwai fili, kuma gidaje ba su yi tsadar da ta fi ƙarfin mutane ba tun farko. A Landan fili ya yi ƙaranci, kuma tun dokar tsara birane ta 1947 ba ka aza tubali sai da izinin hukuma, ga kuma faffaɗan yankin da aka kewaye birnin da shi aka hana gini a ciki. Idan mutum goma suna neman gida biyar, ka ƙara wa kowannensu kuɗi a aljihu, gidajen suna nan biyar. Abin da zai canza kawai shi ne nawa mai sayarwa zai sallama. Wato shirin ya yi aiki inda aka fi iya rayuwa ba tare da shi ba, ya kuma ƙara tsada inda aka fi buƙatarsa. Wani kwamitin majalisar dattawan Birtaniya ya faɗi kusan haka a Janairun 2022, ya ce da an kashe kuɗin wajen ƙara yawan gidaje da ya fi.

Akwai kuma waɗanda abin ya zame musu alaƙaƙai ta wata hanyar. Sabon gida kamar sabuwar mota ne, akwai kuɗin sabunta a cikin farashinsa, kuma da ka kwana a ciki wannan ya tafi. Wasu an sayar musu da gida ba tare da ƙasar da yake kai ba, suna biyan hayar ƙasa da a wasu takardun take ninkawa duk shekara goma. Mafi muni shi ne abin da ya biyo bayan gobarar benen Grenfell a Yunin 2017, wadda ta kashe mutum 72. Da aka gano dogayen benaye da yawa an lulluɓe su da irin kayan da ke saurin kamawa da wuta, bankuna suka daina ba da bashi a kansu sai da takardar shaidar lafiyar gini. Matasan da suka sayi sashe a irin waɗannan benaye da taimakon gwamnati suka wayi gari ba sa iya sayarwa, fansar kason ma ta zama wahala saboda an rasa yadda za a ƙiyasta kuɗin gidan, ga kuɗin inshora da na masu gadin wuta na dare yana hawa. Sun yi duk abin da hukuma ta ce su yi. Wasunsu sun shafe shekaru da jariri a ɗaki ɗaya suna jiran takarda.

A Afrilun 2021 aka gyara shirin. Aka ce sai mai sayen farko, aka kuma sa wa kowane yanki iyakar farashi, daga 186,100 a arewa maso gabas zuwa 600,000 a Landan. Gyara ne mai kyau, amma ya zo saura shekara biyu a rufe.

Kada a haɗa wannan da wani tsarin da shi ma ake yi a Ingila, inda mutum ke sayen wani kaso na gida, galibi daga kashi 25 zuwa 75, ƙungiyar gidaje ta riƙe sauran yana biyan ta haya a kai. Wancan nasa matsalolin daban ne.

Sauran ƙasashe kowace ta ɗauki abin da ta ɗauka. Kanada ta fara nata a Satumban 2019, gwamnati na zuba kashi 5 ko 10, amma ta ɗaure shi da sharuɗɗan albashi da na yawan bashi har ya zamana a Toronto da Vancouver da wuya ka samu gidan da ya shiga cikin iyakar. An yi fatan iyalai 100,000, waɗanda suka shiga ba su kai kusa da haka ba, aka rufe shi a Maris na 2024. Ingila ta saki igiya da yawa, Kanada ta ɗaure ta har ta shaƙe. Ailan ta fara nata a Yulin 2022 da haɗin gwiwar bankuna, kason yana kaiwa kashi 30, ita ma shekara biyar babu caji sannan 1.75. Na Ostireliya, wanda ya fara a ƙarshen 2025, shi ne na ga alamar an karanta abin da ya faru a Ingila kafin a rubuta shi: akwai iyakar albashi, gurbi 10,000 ne kawai a shekara don kada ya girgiza kasuwa, ana iya sayen tsohon gida da kason kashi 30 ko sabo da kashi 40, kafin alƙalami kashi 2 ne, kuma ba a biyan haya ko ruwa a kan kason gwamnati. Ƙanƙantarsa ce kariyarsa, ita ce kuma iyakar amfaninsa, domin mutum 10,000 a shekara ɗigo ne a ƙasar da miliyoyi ke haya.

Ga Musulmi, waɗanda ƙidayar 2021 ta nuna sun kai miliyan 3.9 a Ingila da Wales, akwai wata damuwa ta daban. Wanda ya san musharaka mutanaƙisa, inda banki da mai saye suke tarayya a gida, mai sayen yana biyan haya a kan kason bankin yana kuma saye shi sannu a hankali, zai ga kamar Help to Buy ɗan'uwanta ne, tunda ana raba riba da asara. Amma a takarda bashi ne, kuɗin shekara ta shida kuma sunansa ruwa, sauran kashi 75 ɗin ma bashin ruwa ne. Hukuncin wannan na malamai ne. Abin da zan iya cewa shi ne iyalai da yawa sun kauce masa saboda haka, suka zauna a haya ko suka nufi bankuna irin su Gatehouse masu tsarin tarayya, alhali harajinsu yana cikin kuɗin da aka zuba, kuma tsadar da shirin ya jawo ba ta tsallake su ba.

Su ne ma, da sauran waɗanda ba su isa bakin ƙofar ba, suka fi tsaya mini a rai. Kafin ka shiga shirin sai kana da kashi 5 a hannu da albashin da banki zai yarda da shi. Mai sharar asibiti, mai kula da tsofaffi, mai kai saƙo a kan keke, babu ɗayansu da zai iya. Tun daga 1980, lokacin da gwamnatin Margaret Thatcher ta ba mazauna gidajen ƙananan hukumomi damar saye, an sayar da kusan miliyan biyu a Ingila ba a mayar da gurbin mafi yawansu ba, kuma yau iyalai wajen miliyan 1.3 suna kan layin jiran gidan hukuma. Na san fam biliyan 25 na bashin da zai dawo ba daidai yake da biliyan 25 da aka kashe a gini ba, kuma wannan bambancin ne ya sa ministocin kuɗi suke son irin wannan shiri. Amma gidan da hukuma ta gina shi ma kadara ce, yana kawo haya, kuma yana ƙara gida ɗaya a kan biyar ɗin da mutum goma ke rububi.

An daina karɓar sabbin masu nema a ƙarshen Oktoban 2022, na ƙarshe suka karɓi makullansu a 2023. Waɗannan sai a 2028 sanarwar shekara ta shida za ta iso musu. Wanda bai sayar ba, bai kuma samu halin fansa ba, gwamnati za ta ci gaba da zama abokiyar tarayyarsa a gidan har wajen 2048.